Ranki Ya Daɗe, Ƙwaƙwalwa, Uwar Ɗakin Yau

A gaishe ki, ƙwaƙwalwa, mai hangen nesa har zuwa bakin hanci! Wa ya kai ki iya lissafi? A ce wa mutum ya zaɓa, naira dubu 10 yanzu ko dubu 11 nan da mako guda, sai ki raɗa masa cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, ya miƙa hannu. A ɗage maganar, a ce dubu 10 bayan mako 52 ko dubu 11 bayan mako 53, nan take ki mayar da shi dattijon arziki mai haƙurin jira. Makon jiran ɗaya ne, ribar ɗaya ce, kin yanke hukunci biyu, kowanne da gaba gaɗi. Wannan ai baiwa ce.

A 2004 Samuel McClure da David Laibson da abokan aikinsu sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a Jami'ar Princeton ta Amurka, suka leƙa yadda kike tafiyar da fadarki. Da an ambaci abin da za a karɓa yau, sai sassan kwaɗayi, masu aiki da sinadarin dofamin, su yi caa. Sassan da ke bayan goshi, masu auna riba da asara, sai sun yi da gaske kafin a saurare su. Madalla da fadar da mai ɗaga murya ke cin shari'a.

Ga ki kuma da iya kwalliya. Yaacov Trope da Nira Liberman sun nuna cewa abin da ke nesa kina nuna mana dalilin yinsa ne kawai, na kusa kuma wahalar yinsa. Karatun da za a yi baɗi neman ilimi ne, na daren yau kuwa sauro ne da gyangyaɗi da ɗauke wuta. Shi ya sa a wani bincike na Roger Buehler a Kanada a 1994, ɗalibai suka ce za su gama kundin digirinsu cikin kwana 34, suka ɓuge da kusan 55. Sannu da ƙoƙari.

Amma gwanintarki da ta fi kowace ita ce yadda kika raba mutum da kansa. Hal Hershfield da abokan aikinsa sun gano a Jami'ar Stanford, a 2009, cewa idan mutum ya tuna kansa na shekara 10 masu zuwa, motsinki ya fi kama da na mai tunanin wani daban. Waɗanda wannan ratar ta fi faɗi a kansu su suka fi ƙin jira. Kin samar mana baƙo ke nan, wanda ba ya gardama, ba ya kai ƙara, duk abin da aka jibga masa sai ya ɗauka.

Dubi magidancin da likita ya gaya wa yana da ciwon suga. Tsakar rana ce a bazara, ga kwalbar lemo ta fito daga firiji, raɓa na gangarowa a jikinta, ya riƙe ta yana jujjuyawa. Ya san maganar likita sarai. Sai kika dafa kafaɗarsa kika ce, yau dai kaɗai, gobe ka fara kiyayewa. Kin kyauta masa ƙwarai. Gyambon ƙafar da zai ƙi warkewa, da idon da zai dushe, da matar da za ta sayar da kayan ɗakinta don kuɗin wankin ƙoda, duk kin tura su gidan wancan baƙon. Kaico, baƙon nan fa shi ne, da sunansa da 'ya'yansa, kuma ranar da zai zo karɓar kayansa ba za ki ce kin san zancen ba.

Har an so a tona miki asiri. A 2011 Hershfield ya nuna wa matasa fuskokinsu da kwamfuta ta tsufar, da furfura da tamoji, sai suka ware wa tsufansu fiye da ninki biyu na abin da waɗanda ba a nuna wa ba suka ware daga kuɗin gwaji. Kallo ɗaya, suka gane ɗan'uwansu. Kada hankalinki ya tashi, ranki ya daɗe. Mai ba da bashi a waya da mai shagon caca ba za su taɓa nuna wa kowa wannan hoton ba, ai da ke suke cin abinci.