An Goge Ni! Mutanen da Ke Bayyana Idan Mota Ta Taɓa Mota

Ba babban haɗari nake nufi ba, irin wanda ake kiran motar asibiti da jami'an kiyaye haɗurra. Wannan sai dai mu ce Allah ya tsare. Ina nufin ɗan ƙaramin nan da ake yi kullum a titin Gidan Zoo ko Ƙofar Nasarawa a Kano, ko a Kawo ta Kaduna idan an taso daga aiki. A ji "gau", bamba ta lotse, fitila ta tsage, madubi ya koma lilo, amma ko ƙwarzane babu a jikin kowa. Asarar ba ta taka kara ta karya ba. Abin kallon shi ne mutanen da ke fitowa daga motocin, da waɗanda ke ɓullowa daga inda ba a sani ba. Ga su nan, kowa ya duba ko zai ga maƙwabcinsa.

Mai "ka san ko ni wane ne?"

Shi ba ya fara duba mota. Yana fitowa zai gyara zaman hula, ya bar ƙofa a wangale a tsakiyar titi, ya kara waya a kunne. Sau da yawa kiran bai ma shiga ba, amma za ka ji yana ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, turo mini lambar DPO ɗin yankin nan." Duk wani mai muƙami a jihar, in ba abokin karatunsa ba ne to surukinsa ne. Layin motoci ya miƙe a bayansa, ana ta hon, ko a jikinsa. Maganinsa ɗaya ne, ya gamu da irinsa. Nan za ka ga magidanta biyu sun juya wa juna baya, kowa na neman manya a kan fitilar da za a samo a Ƙofar Ruwa kafin la'asar. Wani lokacin ma mutum ɗaya suke kira, shi ya sa layin ya ƙi shiga.

Malamin ƙaddara

Shi ya dake ka ta baya, yana danna waya. Amma kafin ka buɗe baki ya riga ka: "Alhamdu lillahi! Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Alhaji, gode wa Allah, da rai ne fa? Wannan ai ƙarfe ne, ana sayen wani." Duk gaskiya ya faɗa, sai dai bai faɗi wanda zai sayi wanin ba. Ka kuskura ka kawo zancen gyara, zai dube ka da tausayi, ya ce shi bai zaci imaninka ya yi rauni haka ba. Ya manta da babin da malaman fiƙihu suka ce wanda ya ɓata dukiyar wani shi zai biya, ko da gangan ko bisa kuskure, domin kuskure zunubi yake ɗaukewa, ba ya ɗauke biya. Babin nan yana dawo masa tsaf ranar da aka goge tasa motar.

Ɗan sahu

Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, a-daidaita-sahu ya gaje titi. Yana shiga ta dama, yana shiga ta hagu, yana shiga ta inda shi kansa bai yi niyya ba. Idan ya zana maka layin ruwan ɗorawa daga ƙofar gaba zuwa ta baya, zai sauko ya zube a ƙasa: "Baba, ka rufa mini asiri. Wallahi tun safe ko balas ban haɗa ba, mashin ɗin ma ba nawa ba ne." Ya zazzage aljihu, ga 'yan canji duk sun cukurkuɗe, ko gwangwanin fenti ba za su saya ba. Matan da ya ɗauko su leƙo: "Haba Alhaji, yaro ne, ka dubi Allah!" Kafin ka farga, kai da aka yi wa ɓarna ka zama azzalumin wurin. Abin da ba wanda zai tuna shi ne, inshorar keken nan naira 5,000 ce a shekara, kuma an tsara ta biya ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 2. Da yana da ta gaskiya, da bai ɓata gwiwar wandonsa ba.

Shaidun da ba su gani ba

Mai rake, mai faci, mai cajin waya, da wani da ya fito daga shago bayan an gama komai. Ƙara kawai suka ji suka waiwayo, amma kowa ya zo da hukunci a hannu. Doka biyu suka haddace. Ta farko, wanda ya daki baya shi ne mai laifi, ko da na gaban ne ya taho da baya. Ta biyu ba a rubuce take ba, amma ta fi ƙarfi: mai motar da ta fi tsada shi zai biya. A cikinsu ba a rasa gwanin ƙiyasi, wanda zai shafa bamba da tafin hannu, ya girgiza kai, ya yanka farashi, alhali ko keke bai taɓa kai wa gyara ba. Ka ce, "To, wa zai bi mu ofishin 'yan sanda ya faɗi abin da ya gani?" Sai ka nemi taro ka rasa. Mai rake ma ya tura baronsa gaba.

Mai tsohon ciwo

A baya aka taɓa shi, amma gaba ya zagaya yana nuna maka fitilar da aka ɗaure da salatif tun bara. Shi kam faɗuwa ta zo daidai da zama. "Kafin ka dake ni esi yana aiki. Ji yadda giya take ƙara. Rediyon ma ya ɗauke." Ka nuna masa tsatsar da ta yi ja a cikin lotsawar, ya ce ai ƙarfen yanzu saurin tsatsa gare shi. Burinsa ya shigo titi da akwala ya koma gida da motar da ta sha gyara tun daga gaba har baya. Saboda irinsa ne mai hankali ke ɗaukar hoto nan take, kafin ciwon ya yaɗu zuwa tayoyi.

Mai "mu je wajen makanikena"

An amince za a gyara, sai rigimar ta koma kan inda za a kai. Makaniken wanda aka daka ba ya sanin kalmar gyara: "Wannan ta tashi daga aiki, sai sabuwa dal." Na wanda ya yi dukan kuwa ba ya sanin kalmar canji: "Wannan? A ɗan buga ta, a shafa fila, a fesa, ko mai ita ba zai gane ba." Sai an gaji a haɗu a tsakiya, a sayo ta Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Fanteka. Nan mai fenti zai shigo da tasa, ya ce kalar ba za ta hau ba sai an fesa gefen gaba ɗaya. Ƙanin mai "mu je wajen makanikena" shi ne mai "karɓi lambata, gobe da safe zan turo". Goben nan tana da nisa. Kwana biyu waya na ta ringin, a na uku a ce a kashe take.

Wanda motar ba tasa ba

Ko direban gida ne da aka aika cefane, ko ɗan Alhaji da ya saci mukulli ana barcin rana. Za ka gane shi da gumi, ko da sanyin hunturu ake. Ba ya musu, ba ya neman shaida, buƙatarsa ɗaya: "Don girman Allah kada Alhaji ya ji." Yana so a buga, a fesa, ya bushe, duk kafin magariba. Shi ne mafi saurin biya a jerin nan, har wayarsa zai jinginar. Ka tambaye shi lasisi, ya ce yana gida. Abin da bai sani ba, ko motar tana da inshora mai kyau, rashin lasisin direba yana cikin abubuwan da kamfani ke kafa hujja da su ya janye jiki.

Dattijon sulhu

Ba wanda ya ga isowarsa. Kawai za a gan shi a tsakiya da carbi, ya riƙe hannun wannan, ya riƙe na wancan. "Ku ji tsoron Allah, ku 'yan'uwan juna ne. Kai ka yi haƙuri. Kai kuma ɗan ba shi wani abu ya rage zafi." In abin ya cakuɗe, ya yanke da "kowa ya je ya gyara tasa". A ba shi haƙƙinsa: ya sha hana dambe, ya sha buɗe titi kafin 'yan KAROTA masu kula da titi su iso. Sai dai a kotunsa ba a binciken wanda ya yi laifi, ana duba wanda ya fi kunya ne, shi za a ɗora wa asarar. Yana gamawa zai shafa addu'a ya wuce, bai san kuɗin bamba ba, ba kuma zai tambaya ba.

Mai takardar wucewa

Wannan ya fi kowa yawa, domin yawancin waɗanda aka lissafa a sama suna cikinsa. Ka tambaye shi ko yana da inshora, zai buɗe aljihun mota da alfahari ya zaro takarda a leda. Wajen wani ɗan kamasho ya karɓe ta a gindin bishiya ranar da ya sabunta takardu, da rangwame mai daɗi, bai taɓa karanta sunan kamfanin ba. A saninsa aikinta ɗaya, a nuna a shinge a ce "wuce".

Alhali tun 1945, zamanin Turawa, aka yi dokar farko da ta tilasta wa mai mota yin inshorar kare haƙƙin wasu. Daga Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga abin da za a iya biyan wanda aka yi wa ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. A farkon Fabrairun 2025 'yan sanda suka shiga tsananta bincikenta. Ba motarka take gyarawa ba, ta wanda ka daka take gyarawa. Mai son a gyara tasa sai ya yi babbar inshora, wadda hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da halaccin inshora ba, akwai takaful, inshorar tsarin Musulunci, da aka fitar wa ƙa'idoji tun 2013. Gane ta bogi ma ba wuya: a danna *565*11# a sa lambar mota. Mutuminmu ba zai danna ba, domin jikinsa ya riga ya ba shi amsar.

Baƙon cikinmu

Can ba a rasa ba, sai ka gamu da shi. Yana fitowa zai tambaya ko wani ya ji ciwo. Ya ɗauki hoton motocin a inda suka tsaya, da lambobinsu, da lotsawar kusa-kusa, sannan ya ce a matsa gefe mutane su wuce. Ya nemi ganin lasisi da takardar inshora, ya ba da nasa. Ba ya rantsuwa, ba ya cewa "laifina ne" ko "laifinka ne". Zai sanar da kamfaninsa a ranar, ya nemi rahoton 'yan sanda, ya karɓi ƙiyasin gyara a rubuce. Taro kuwa ya tsargu da shi. "Wannan ɗan boko ne, kotu zai kai ka." Dattijon sulhu ya ji haushi an hana shi aiki, gwanin ƙiyasi ya yi tsaki ya tafi.

Hanyarsa ba ta da sauri. Akwai cike takardu, akwai jira, akwai ranar da sai ya yi barazanar kai ƙorafi NAICOM kafin a motsa. Amma a duk jerin nan shi kaɗai ne ya ba da naira 15,000 ya kuma tambayi abin da ya saya da ita. Sauranmu sau biyu muke biya: mu biya kuɗin takarda don mai shinge, ranar karo kuma mu biya kuɗin bamba daga aljihu, mu ƙara da maƙogwaron da ya dushe.