Yadda Wanzami Zai Tabbatar wa Turawa Cewa Ya Iya Aski

Da farko ka san sunanka. A Kantin Kwari kai wanzami ne, mai zabira a kafaɗa, mai bin rumfunan 'yan shadda da safiyar Juma'a kana saisaye da gyaran fuska. A wurin hukumar shige da fice ta Ostireliya sunanka 391111. A Ingila kuma 6221. Ka haddace su, domin da lambar za a yi magana da kai. Lambar nan ɗaya ta haɗa ka da mai kitson Fagge da ke yi wa amare shuku, da yaron da ke aski da kilifa a Sabon Gari. Ƙaho da kaciya da cire beli ba su da gurbi a ciki, saboda haka kada ka rubuta su a fom.

Mu fara da Ingila, don aikinta ya fi sauri. Tun Disamban 2020 da aka buɗe bizar ƙwararrun ma'aikata, mai aski ba ya cikin ƙwararru. Manajan shagon aski kuwa a lokacin yana ciki. Ka lura da kyau: wanda ke riƙe da aska bai ƙware ba, wanda ke zaune yana kallonsa ya ƙware. A ranar 22 ga Yulin 2025 aka gyara wannan bambanci, aka ɗaga mizani zuwa matakin digiri, manajan ma ya fita. Mafi ƙarancin albashi kuma a ranar ya koma fam 41,700 a shekara. Ka taka zuwa WAPA, 'yan canji su juya maka shi zuwa naira, ka raba da kuɗin aski ɗaya, za ka samu adadin kawunan da ake bukata. Ka adana lissafin, ko da yake bai shafe ka ba, tunda ba ka cikin jerin.

Ostireliya tana da ƙofa, kuma a nan za ka natsu. A 2010 ta cire masu gyaran gashi da masu dafa abinci daga jerin sana'o'in da mutum zai nemi zama da su shi kaɗai. A Disamban 2024 ta fito da sabon jeri mai sana'o'i 456 na bizar da ake kira 482, kuma kana ciki. Hannunka bai canja ba tsakanin shekarun nan, askarka ma ita ce dai. Jerin ne ke hawa da sauka kamar farashin atamfa idan dala ta motsa.

Abin da za ka nema shi ne mai shago a Sidni ko Melbon, wanda bai taɓa ganin ka ba, ya yarda zai ɗauki nauyinka. Kafin nan sai ya yi tallar aikin na mako 4, ya nuna bai samu ɗan ƙasa ba. Sannan ya biya ka albashin da doka ta yanka, wanda ya tashi daga dalar Ostireliya 73,150 zuwa 76,515 a Yulin 2025. Duk shekara ake sabunta shi, don haka ka samo mai shagon kafin Yuli.

Yanzu sai hujja. Ana son shaidar aikin shekara 1 aƙalla, kai kuma tun kana ɗan shekara goma kake wasa wa mahaifinka aska a kan fata. Wannan bai isa ba. Idan zaman dindindin kake nema, hukumar TRA ce za ta auna ka, kuma abin da take karantawa shi ne takardar makaranta, takardar albashi, rasidin haraji da bayanan banki. Alhajin da kake yi wa aski shekara ashirin yana danƙa maka kuɗi a dunƙule cikin musabaha, da sallah ya yanko maka yadi biyar na shadda. Wannan ba ya shiga banki, saboda haka a lissafinsu askin bai faru ba. Daga yau, in ka gama, ka goge masa ƙeya, ka roƙe shi cikin ladabi: “Ranka ya daɗe, a tura ta asusu.” Ka rubuta masa rasidi. Zai dube ka, amma ka daure.

Sai jarrabawar Turanci, kashi huɗu: saurare, karatu, rubutu da magana. Turanci ne harshen gwamnatin Najeriya, amma fasfo ɗinmu ba ya cikin waɗanda aka yafe wa. Za ka rubuta insha'i. Ba za a miƙo maka kan kowa ba.

A daidai nan wani zai tare ka a bakin kasuwa da jakar takardu, ya ce yana da mai ɗaukar nauyi, ka kawo miliyan kaza. Kada ka ba shi ko sisi. Sayen ɗaukar nauyi laifi ne a dokar Ostireliya, ga mai saye da mai sayarwa, kuma an sha sayar da gida da gona a kan takardar da babu shago a bayanta.

Idan ka haɗa komai, ka koma ka duba jerin. In ka tarar an sake cire ka, ka ɗauki zabirarka da fasfo ka nufi zangon Kumasi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka kwana 90 babu biza, kuma tantancewar can mataki ɗaya ce: mutum zai cire hula ya zauna, kai kuma ka jiƙa masa kai.