Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ƙwaron Hancin Tsuntsaye

Ranka ya daɗe, Sarkin Hanci,

Gaisuwa mai yawa daga fadamar Illo, da fatan kai da iyali kun tashi lafiya a duk hancin da kuka kwana. Ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba, tunda yawancinku ba ku kai milimita ɗaya ba, sai an sa madubin masana ake ganin ku. Amma asalinka ba ɓoyayye ba ne. Ƙafa takwas gare ka, ɗan'uwan kaska ne kai. Ita dai ta tsaya a kunnen saniya inda Bafulatani zai gan ta ya tsige, kai kuwa ka shige kogon hancin tsuntsu, ga ɗumi ga danshi, kana tsotsar jini ba haya ba haraji.

Masana sun ƙirga danginku ɗaruruwa. Wani likita ɗan Beljiyam, Alex Fain, ya yi ta zaƙulo ku daga hancin tsuntsayen Ruwanda a shekarun 1950. An same ku a balbela da kurciya da tantabara da agwagwar ruwa, har da tsattsewar da ke zuwa mana daga Turai kowace shekara.

To, a nan ne ka burge mutanen Bagudo. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Mai zuwa Segbana a ƙasar Benin ta Tsamiya ya ji jiki, mai bin Lolo ma haka. Har fetur aka hana kai wa gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Gwaggo tana Benin, ɗan wanta yana Najeriya, zuwa suna ya zama sai an yi shawara. Kai fa? Balbela ta karya kumallo a bayan shanun Kaoje, ta yi la'asar a ƙasar Benin, kana kishingiɗe a hancinta, ba wanda ya ce maka "sauko mu ga takarda". In kana son sauya mota ma ba ka zuwa tasha. Uwa na ciyar da ɗanta baki da baki, ko namiji ya kai wa mace toshi, sai ka zame ka koma sabon gida. 'Yan fasa-ƙwauri sun ce a tambaye ka ko kana ɗaukar almajirai.

Abu ɗaya zan yaba maka tsakani da Allah: kana da kunya. Kaɗan kake sha, ka bar mai gida da ransa ya ci gaba da tashi. Da masu tsare hanya da itace mai ƙusa za su koyi wannan ladabi, da kuɗin mota ya sauka.

Sai dai wannan kunyar taka ce ta kawo ni ƙara. Ka san tsuntsun nan jan baki. Ƙwaya ɗaya tana cin kusan giram 10 na hatsi a yini, su kuwa ba sa zuwa sai dubu bisa dubu, su rufe sama kamar hadari. Shinkafa na fara nono, yaranmu su bar makaranta, tun asuba suna kaɗa gwangwani da majajjawa har murya ta dishe. Gwamnati kan turo jirgin feshi, amma kafin ya iso wani lokaci an riga an yi mana girbi. Jan bakin ma ba su san iyaka ba, irinka ne.

Na ji kana da wani ƙane marar kunya, wanda aka fara bayyanawa a Afirka ta Kudu a 1948 a jikin kanari. Shi ba ya tsayawa a hanci, har maƙogwaro da huhu yake sauka, ya sa tsuntsu tari da haki. Ina amfanin takura wa kanarin keji, mai rera wa tsoho waƙa a zaure? Wane buhu ya taɓa ci?

Don Allah ka tara dangi ku yi wa ƙanen nan canjin wurin aiki zuwa hancin jan baki kafin shinkafar bana ta nuna. Balbela da shamuwa kuwa a ƙyale mana su, fara suke cinye mana.

Naka mai jiran amsa,
Wani manomin shinkafa, Bagudo