Kada Kowa Ya Ƙyasta Ashana

Jiya abin ya faru, kuma har yanzu in na sunkuya zan ɗauki wani abu a ƙasa sai in ji kamar Kontagora duka ta yi tsit tana saurarena.

Ba zan ja ku da nisa ba. Wani mai kayan gwanjo ne a kasuwa ya zaro mini ɗan murhun gas daga cikin tarin tsofaffin jakunkuna, irin wanda Turawa masu hawan duwatsu ke cusawa a jakar goyo. Ba silindar nan mai kilo uku ko shida da matanmu ke kai wa mai gas ya cika ba. Wannan ɗan gwangwani ne, an rubuta giram 190 a jikinsa, a samansa kuma kan murhu mai 'yan ƙafafu sirara kamar na fara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk abin da ke kama wuta ya zama abin lissafi a gidana, don haka na biya ban ko yi ciniki sosai ba. Na gwada shi a tsakar ɗaki, inda ko labule ba ya motsi. Wuta shuɗiya tas, tana huci kamar jirgi zai tashi, ruwan kofi biyu ya tafasa kafin matata ta gama neman ashanar risho.

Ta dube shi ta ce, "Malam, wannan ai na wasan yara ne."

Na ce mata ilimi ne. Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare. Ku riƙe wannan, zai yi muku amfani nan gaba.

Jiya da sassafe surukina ya ce in raka shi gonarsa a kan hanyar Rijau, ana bugun waken suya. Na sa babbar riga. E, na sani, gona za a je. Amma abokansa dattawa biyu za su zo, ni kuma ba aiki zan yi ba, gani na za a yi. Aka shimfiɗa tabarma a gindin kaɗanya, a jikin tarin buhuna inda iskar hunturu ba ta dukan mutum kai tsaye. Yara suka tashi neman kara da duwatsu uku don a ɗora shayi. Sai bakina ya riga hankalina.

"A bari, Baba. Ku ba ni minti uku."

Na girka murhun a kwari, tsakanin kunya biyu, ban san ta uku na tafe ba.

Abin da mai gwanjo bai gaya mini ba, kuma ni ma ban tambayi kaina ba, shi ne wa aka ƙera wa wannan abu. An ƙera shi ne don mutum ɗaya mai kofi ɗaya, wanda ya raɓe a bayan dutse. Ni kuwa butar mutum goma na ɗora masa, a fili fetal, cikin iskar da ta taso tun daga Sahara ba ta gamu da mai ce mata tsaya ba. Butar ta hau 'yan ƙafafun nan tana rawa kamar ƙaton da aka ɗora a kan keken yara. Na ƙyasta ashana, wuta ta tashi, iska ta kwantar da ita gefe guda har ta koma tana dafa sararin Allah. Ta mutu. Na sake. A karo na biyu ta kama, amma maimakon ta ƙaru sai ta riƙa ƙanƙancewa, gwangwanin kuma ya yi sanyi ƙalau yana tsattsafo da raɓa.

Wannan na san dalilinsa, kuma da na yi shiru da ya fi. Amma sai na ɗago na yi wa dattawa darasi. Na ce gas ɗin da ke ciki butan ne, ruwa ne a matse, yana tafasa ne a wajen digiri sifiri, wato daidai inda ruwa ke daskarewa. Duk sanda ya zama iska ya fita, sai ya kwashi zafin gwangwanin ya tafi da shi, gwangwani ya huce, ƙarfin turowa ya ragu, wuta ta yi laushi. Shi ya sa a ƙasashen ƙanƙara ake gauraya shi da furofen, wanda ke tafasa tun a digiri 42 ƙasa da sifiri. Ɗaya daga cikin dattawan ya gyaɗa kai ya ce, "Ikon Allah. To, shayin fa?"

A nan Saje ya matso.

Saje tsohon soja ne, shi ke kwana a gonar yana gadin amfani. Kontagora gari ne na sojojin manyan bindigogi, kuma irinsa da suka yi ritaya suka ƙi komawa garuruwansu ba su da wuyar samu. Ya tsaya a kaina, hannu a baya, kamar mai duba fareti.

"Girgiza shi."

Na ce, "Baba Saje, ba a girgiza shi da wuta a kai."

"To juya shi ya kalli gabas."

Na ce zagaye yake, ba shi da gaba ba shi da baya.

"Shi ne matsalarsa," in ji shi. Ya ɗan yi tunani. "Ɗiga masa kalanzir kaɗan, ya ji ƙamshin ɗan'uwansa ya tashi. Mu a Laberiya, 1990, a hular kwano muka dafa shinkafa, ana ruwan sama." Ban tambaye shi me ya haɗa wannan da wancan ba. Ya ƙara da cewa Umaru Nagwamatse da ya kafa garin nan a 1864, da dawakansa da dakarunsa, bai taɓa jiran gwangwani ba kafin ya karya kumallo. Wannan kam ba ni da ta cewa. Ina cikin neman amsa wuta ta mutu karo na biyu.

Sai na yanke shawarar ƙura ce ta toshe ɗan ramin da gas ke fitowa. Zan kwance kan murhun, in hure shi, in mayar. Na sauke buta. Na ba iska baya, wato na fuskanci tabarmar dattawa ke nan. Na tsuguna, na yaye babbar rigata na lulluɓe murhun gaba ɗaya a tsakanin ƙafafuna, wai don kada ƙura ta ƙara shiga, gaskiyar magana kuwa don kada a ga hannuna na ɓari. Daga inda suke zaune, abin da suke gani shi ne surukin gida a tsugune cikin babbar riga, hannaye biyu a ciki, fuska a murtuke, yana yunƙuri.

Gwangwanin gas iri biyu ne. Akwai mai bawul, wanda in ka cire murhu sai ya rufe kansa. Akwai kuma wanda ba shi da komai, murhun ne ke huda shi da ɗan tsinken ƙarfe ranar da aka ɗaura, wata 'yar roba ta toshe gefen ramin, kuma ba a raba su sai gas ya ƙare ƙarƙaf. An rubuta haka a jikin gwangwanin da Faransanci, har da zane. Da daddare na gani.

Na murɗa sau ɗaya. Na murɗa na biyu.

Baba yana tsakiyar magana a kan tsadar takin zamani. Ya ce, "Buhun da muka saya bara..." sai sautin ya fito daga ƙarƙashin rigata.

Da siririyar murya ya fara, fiiiii, irin wadda mutum zai iya ɗora wa tsuntsu laifinta. Sai robar ta goce, muryar ta buɗe ta yi kauri, ɓurrrrr, tana karkarwa, gefen rigar yana kaɗawa. Kuma ba ta tsaya ba. Abin da ya kashe ni ke nan. Duk ɗan Adam ya san iyakar tsawon irin wannan sauti, ya san inda ya kamata ya ƙare a yi kamar ba a ji ba. Wannan ya kai wurin, ya wuce, ya ci gaba. Masu bugun wake suka tsaya da sanduna a sama. Na yi ƙoƙarin mayar da kan murhun, amma sanyin gas ya ƙandarar mini da yatsu, duk murɗawar da na yi sai dai ta sauya wa abin kiɗa, ya hau ya sauka kamar algaita a ƙofar fadar Sarkin Sudan ranar hawan salla. Idona kuma cikin idon Baba.

Sai warin ya isa.

Shi gas a karan kansa ba shi da wari. Da gangan ake zuba masa wani sinadari, makaftan, don hanci ya kama shi in yana yoyo, kuma waɗanda suka zaɓe shi sun zaɓi abin da ya fi kama da ruɓaɓɓen ƙwai. Na sha koya wa ɗalibai wannan, har ina yabon hikimar. Iskar da ta hana ni wuta tun safe, yanzu ta ɗauki aikinta da gaske, ta kwashi abin ta kai tabarma ba ta zubar da ko kaɗan a hanya ba. Dattijon da ke dama ya ja jelar rawaninsa a hankali ya rufe hanci, yana kallon nesa, wai ƙura. Na hagu ya zaro carbi. Baba kuwa, Allah ya saka masa, ya ɗaga kai ya dubi ganyen kaɗanya kamar yau ya fara ganin bishiya, ya ɗaga murya ya ce, "BUHUN DA MUKA SAYA BARA..." Yana rufa mini asiri ne. Dattijo mai jikoki yana ihu a kan taki don ya binne abin da yake zaton mijin 'yarsa na yi a gabansa.

Har nan da sauran gyara. Kalma biyu kawai ake bukata: gas ne. Na kwana ina maimaita su. Gas ne, Baba. Ko yaron goye zai iya faɗa.

Amma a daidai lokacin na hango wani lebura a ƙarshen kunya, sigari a baki, kwalin ashana a hannu. Malamin kimiyyar da ke cikina ya farka. Butan ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, kwari yake bi kamar ruwa, kuma kwarin da nake tsugune a ciki shi ne ya miƙe har ƙafar mutumin nan. Sai na buɗe baki, a tsugune, sautin na ci gaba a ƙarƙashina, warin ya cika gona, na kwarma ihun da na tabbata an ji shi a kan kwalta:

"KADA KOWA YA ƘYASTA ASHANA!"

Ku tsaya ku dube shi yadda su suka gan shi. Ni na duba ta kowace fuska, daga tabarma, daga kan buhuna, daga wurin yaran da suka dawo da kara a ka suka tsaya cak. Babu fuskar da ta yi kyau. Mutum ne ya zo gonar surukinsa da babbar riga, ya hana a hura wuta, ya yi wa dattawa lacca, ya tsuguna a gabansu ya saki abin da ba a taɓa jin mai tsawonsa ba, sannan ya yi gargaɗi cewa abin nasa na iya tashin gobara.

Sigarin ya faɗo daga bakin leburan. Baba ya bar zancen taki. Carbi ya tsaya.

Saje ya sunkuyo, ya dafa kafaɗata, ya yi magana da muryar da ake lallashin sabon kurtu ranar da ya fara jin harbi.

"Kwantar da hankalinka, Malam. Tusa ba ta hura wuta."

Ban san wanda ya fara ba. Na dai ga dattijon mai rawani ya kife a kan tabarma kafaɗunsa na rawa. Na fizgo gwangwanin daga cikin riga na yi jifa da shi can nesa da kowa. Ya gangara cikin kwari, ya yi fari fat da sanyi, yana ta fiiii har muryar ta siranta ta ɗauke. Na miƙe ina nuna shi da yatsa kamar lauya ya samu shaida. "Ga shi nan! Kun gani? Shi ne!"

Saje ya taka har wurin, ya taɓa shi da ƙafa, ya ɗauka ya sansana, ya dawo.

"Na gani," ya ce. "Shi ma ya yi nasa."

"Baba Saje, shi kaɗai ne."

"Malam, a bakin manyan bindigogi na yi aikina. Kunnen nan ya san bambancin ƙaramar bindiga da babba. Murya biyu na ji. Siririyar ta gwangwani ce." Ya miƙo mini shi. "Wannan ka kai wa mai faci a tasha, ya liƙe ramin ya ba shi iska. Kai kuma jar kanwa, a jiƙa a ruwan ɗumi, safe da yamma. Ka bar cin wake da dare. Ba abin kunya ba ne, har manjo na sani mai irin wannan lalura."

Yara suka jera duwatsu uku, suka cusa kara, iskar nan dai ita ce ta hura musu, shayi ya tafasa kafin in gama kakkaɓe rigata. Baba da kansa ya miƙo mini kofi, bai dube ni ba, ya ce, "Sha da zafinsa, Malam, yana warware ciki."

Da magariba ƙanin matata ya yi sallama, ya ajiye wani ɗan ƙulli a leda ya ce in ji Inna, wai a gaishe ni da jiki. Matata ta kwance. Jar kanwa ce.