Kofin Waziri

Hunturu ne kaɗai lokacin da Basakkwace ke shan abu mai zafi ba ya yi wa rana ashar. A wani daren hunturu, a teburin wani mai shayi a Gawon Nama, muka ɓata sa'a biyu muna raba wa miyagun da ke cikin littattafai abin sha.

Wazirin Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya haɗa mu da shi tun 1937, muka ba shi baƙar gahawa ba sukari. Ƙamshi na fada, kanumfari ya ji, sai ka haɗiye ka gane da Sarkin Sinari aka dafa ta. Barci kuwa ranar sai aku ya yi maka hira. Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja bai kai mugu ba, ɗan iska ne kawai, don haka Nescafé rabin leda ya ishe shi, a ɗaga kofi sama a yi ta shiƙa, kumfa ta fi ruwan yawa. Gizo ba a ba shi komai, na wani zai shanye ya ce Ƙoƙi ce.

Da na koma gida na ba ƙanwata labari, ta ajiye littafin soyayyar da take karantawa.

"Yaya, kun manta kishiya."

Na ce wace iri za a ba ta?

"Madara gwangwani guda, sukari cokali biyar. Ita za ta miƙo maka da hannunta tana murmushi. Kai dai kar ka sha."