Iyayen Gida Sun Shirya a Osaka, Yaransu Na Dambe a Garwa

Wasan haɗakar gwanaye wani nau'in wasan bidiyo ne na faɗa wanda kamfanoni biyu masu hamayya da juna kan tara jarumansu a fage guda, domin mai wasa ya ɗauki gwanin wannan gida ya gwabza shi da na wancan, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yin suna shi ne Capcom vs. SNK, da ya fito a shekarar 2000. Kamfanonin biyu maƙwabta ne a yankin Osaka na ƙasar Japan, kuma gabarsu tana da tushe, domin Takashi Nishiyama, wanda ya jagoranci Street Fighter na farko a kamfanin Capcom a 1987, ya sauya sheƙa zuwa SNK, inda ya ƙirƙiro Fatal Fury a 1991. A 1995 Capcom ya mayar da martani da gugar zana, ya shigo da Dan Hibiki, wani rago mai riga ruwan hoda da yawan cika baki, domin ya kwaikwayi jaruman SNK a yi dariya. Duk da wannan habaici, da aka buga lissafin riba sai manyan suka zauna, suka sa hannu a takarda, suka sayar wa duniya faɗan nasu a cikin faifai ɗaya.

Labarin sulhun nan bai iso garin Garwa ba tukuna, ko kuwa ya iso an ƙi karɓarsa. A rumfunan wasan bidiyo na unguwanni irin su Yelwa da Poumpoumré, inda matasa kan fake wa zafin watan Afrilu da kan haura digiri 40, ana samun saurayin da bai san ko Osaka gabas take da Marwa ko yamma ba, amma ya rantse cewa shi ɗan gidan Ryu na Capcom ne har abada, kuma ya daina gaisawa da ɗan ƙanin mahaifinsa saboda ya zaɓi Terry Bogard na SNK. Hausawa sun ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, amma waɗannan bayin Allah sun yi wa maganar gyaran fuska, domin su kuɗi suke biya a shigar da su cikin faɗan.

Mazauna rumfar sun kasu kashi biyu waɗanda ba su yi daidai da juna ba. Na farko su ne mutum biyun da ke riƙe da manet, wato abin sarrafa wasan da ake dannawa da yatsu, kuma su ne kaɗai suka ciro sefa daga aljihu. Na biyu, waɗanda suka ninka na farko sau da yawa, su ne malaman bayan fage, masu ba da fatawa da Hausa da Fillanci da Faransanci a lokaci guda, waɗanda suka haddace duk dabarun naushi da shuri amma ba a taɓa ganin hannunsu kusa da aljihu ba. Idan aka miƙa wa ɗayansu manet, nan take yakan tuna an aike shi kasuwa tun da hantsi.

Abin da ya fi cancantar nazari shi ne ilimin uzuri, domin a tarihin waɗannan rumfuna ba a taɓa cinye kowa da gaskiya ba. Wanda aka kayar yakan ce maɓallin manet ɗinsa ya saki, ko gumi ya sa yatsansa santsi, ko kuma mai rumfa yana da wanda yake so. Mafi girman gata kuwa shi ne ɗaukewar wuta, don haka duk lokacin da ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, darajar ragwaye kan ɗaga, saboda wanda saura naushi ɗaya a gama da shi yakan miƙe cikin duhu ya sanar wa jama'a cewa yanzu ya fara ɗumama jiki.

Su kuwa kamfanonin, cinikinsu kawai suke yi. A 2012 Capcom ya karɓi baƙuncin jaruman kamfanin Namco a Street Fighter X Tekken, bisa alkawarin da aka shelanta tun 2010 cewa Namco zai fitar da nasa, Tekken X Street Fighter, wanda har yau shiru, tamkar matar da aka yi wa biki ta karɓe gudummawa ta ƙi ramawa. A 2024 Terry Bogard ya shiga Street Fighter 6 a matsayin baƙo, sannan a 2025 SNK ya sa Cristiano Ronaldo cikin mayaƙan Fatal Fury, matakin da ya haɗa gardamar ƙwallo da ta dambe a rumfa ɗaya, a garin da ko ƙungiyar ƙwallon Coton Sport ba ta taɓa samun irin wannan kishi daga wasu 'ya'yansa ba.

Ya kamata masu rumfuna su fara karɓar kuɗin fatawa daga malaman bayan fage, su kuma rataye manet guda sabo fil a bango, wanda za a riƙa miƙa wa duk wanda ya ce nasa ne ya saki.