Maɓalli Ɗaya, Hali Dubu

Wanda ya ƙera jita ya yi mata maɓalli ɗaya a gindi, ya bar ɗaya ɓangaren ga halin mai ita. Haka yawancin jitar katako, wadda ba ta buƙatar wuta, take zuwa. Ka saƙala bakin maratayi a maɓallin nan, sai ka tsaya da ɗaya bakin a hannu kana neman inda za ka kai shi. Daga nan ake gane kowa.

Jita baƙuwa ce a Kankia da Kusada. Ƙasar kalangu ce wannan, har Mamman Shata ya taɓa zama kansila a ƙaramar hukumar Kankia a shekarun 1970, lokacin mahaifarsa Musawa tana ƙarƙashinta, jihar Katsina ma ba a yi ta ba sai 1987. Jitar da ke shigowa takan zo ne a bayan ɗan bautar ƙasa, ko a hannun ɗalibin da ya tsinto ta gwanjo a Sabon Garin Kano. Kankia da Kusada da Ingawa wakili ɗaya suke turawa Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma wani lokaci sai ka rantse jita ɗaya suke karɓa-karɓa, don duk majalisar da ka je, tabon da ke jikinta iri ɗaya ne.

Wanda za ka fara cin karo da shi, mai mazagi ne. Ba ya jiran kasuwa. Ya zare mazagin wandon Sallarsa, ya zarga a wuyan jita, ya ƙulle. Dabarar ba laifi, don ko a Turai da igiyar takalmi ake ɗaure wa, amma ana zura ta ne ƙarƙashin tsarkiyoyin nan shida, can sama kusa da kunnuwan da ake murɗawa. Shi kuwa ta sama ya bi, ya shaƙe su duka. Ya kaɗa, jita ta yi gurnani, ya dubi sama ya ce hunturu ne ya busar da ita. Ranar Juma'a kuma a ga yana tafiya masallaci hannu ɗaya a ƙugu.

Mai ƙusa ya fi shi ɓarna, don shi da ilimi ya zo. Ya taɓa yin wata uku a shagon kafinta, tun daga nan komai na duniya katako ne a wurinsa. Ya ji an ce ana dasa maɓalli na biyu a dunduniyar wuya, inda wuyan ya haɗu da gangar jiki, kuma gaskiya ne. Abin da bai tsaya ya ji ba shi ne, ana fara huda ɗan siririn rami wanda bai kai kaurin sukurun ba, a sa ɗan ƙyalle ko fata a tsakani, sannan a murɗa da hannu a hankali. Shi ƙusar rufin kwano ya ɗauko, mai hula. Mai jita yana cewa, "Yaya, a bi a hankali," yana amsawa, "Kai mi ka sani? Ƙofar gidanku wa ya kafa ta?" Bugu na farko lafiya. Na biyu sai ka ji ƙas, tsaga ta miƙe. Ba ya ko girgiza. Ya ce dama katakon Caina ne, ya aiki yaro ya sayo gam, kuma kuɗin gam ɗin ma mai jita ne zai biya. Bayan sati ya zo yana tambaya ko akwai sauran gyara.

Akwai ɗan gayu, wanda ya tafi wurin baduku da kansa. Jan fata, tuntaye, madubi, ga sunansa da na budurwarsa an ɗinka da koren zare. Maratayin ya fi jitar tsada. Yakan sake shi har jita ta sauka gwiwa, don haka ya gani a bidiyo, ko da yake a wannan tsawo yatsunsa ba sa kai wa ko'ina. Bai dame shi ba. Tsarkiya biyu sun tsinke tun bara, a TikTok kuwa ba a ƙirgawa.

Bahago abin tausayi ne. Komai an yi shi don na-dama, in ya juya jita maɓallin da aka dasa ya koma inda bai kamata ba, maratayi ya murɗe masa a wuya. Hujjarsa ɗaya, Mdou Moctar na Nijar, bahago ne, kuma jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, yau ga shi yana zaga Amurka. Abin da ya rage wa namu shi ne iya kiɗan.

Sai mai aƙida. Wannan ya ce maratayi bidi'a ce a kiɗa, shi a zaune yake yi, jita a cinya. Zai kawo maka Ɗan Maraya Jos, ya ce har ya rasu a 2015 kuntiginsa a hannu yake riƙe. To, kuntigi tsarkiya ɗaya ce a kan ɗan gwangwani, aljihun babbar riga ma ya ishe shi. In ka matsa masa ya ƙara da cewa masu jitar gargajiya ta Sifen a zaune suke kaɗawa, tasu ko maɓalli ba ta da shi, kuma nan ma bai yi ƙarya ba. Sai dai ranar da wani ya manta maratayinsa a majalisa, a tsaye aka same shi.

Duk wannan, tsohon makaɗin kalangu yana gefe a kan tabarma yana kallo. Shi kayansa da maratayinsu aka haife su, ya saɓa a kafaɗar hagu, ya matse a hammata, ya yi biki tun la'asar har asuba bai taɓa faɗuwa ba. Ya karɓi jitar, ya juya ta, ya leƙa ramin cikinta. "Ɗan nan, nawa ka saye ta?" Aka faɗa masa. Ya yi salati. "Duk kuɗin nan, ba su ba ka igiya ba?"

Mai aro ba jitar yake so ba, maratayin yake so, na minti biyar. Washegari ka gan shi a hanyar kasuwar Charanchi, an ɗaure buhun gero da shi a bayan babur. Shi ya sa wani yaro ya haƙura da saye, ya shiga ɗaki ya ɗauko majanyin innarsa, ya ƙulla gefe ɗaya a maɓalli, ɗaya a wuya, ya zura ta ƙarƙashin tsarkiya yadda ya kamata. Faɗinsa daidai kafaɗa, ba ya yanka, ba ya zamewa, ya fi na kowa a unguwar. Yana tsakiyar kiɗa a ƙofar gida, samari sun kewaye shi, sai ga inna da jariri a hannu. "Kai, don ubanka, da mi zan goya ƙanenka?"